Turbar Keke a Daji

Turbar keke a daji siririyar hanya ce da ake buɗewa da hannu a tsakanin itatuwa, duwatsu da ƙoramu. Faɗinta bai cika wuce kamu biyu ba, iyakar inda keke ɗaya zai bi. A Amurka da Turai masu wasan keken hawan dutse ne ke buɗe ta don motsa jiki da gasa, kuma galibin aikin 'yan sa-kai ne ke yin sa kyauta. A karkarar Kano da Jigawa kuwa buƙata ce ke kawo ta. Ita ke kai manomi gona, ta kai ɗalibi makarantar jeka-ka-dawo, ta kai mai itace kasuwa. Aikin da ake taruwa a yi mata yana da suna tun kaka da kakanni, wato gayya.

Asalin wasan

Wasan keken hawan dutse ya taso ne a shekarun 1970 a yankin Marin na jihar Kalifoniya, inda wasu matasa suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga tsaunin Tamalpais. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keken da aka yi musamman domin haka, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper kasuwa. Da mahaya suka yawaita sai aka fara kuka da su, ana cewa suna lalata ƙasa suna firgita masu tafiya da ƙafa, har aka soma rufe musu hanyoyi. Wannan ya sa aka kafa ƙungiyar masu keken hawan dutse ta duniya, wato IMBA, a 1988, wadda ta shahara wajen koya wa 'yan sa-kai yadda ake buɗe turbar da za ta daɗe. Wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta a 1996.

Yanayin ƙasa

Kudancin Kano ne ya fi kama da inda wasan ya taso. Dajin Falgore ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, Kogin Kano na bi ta cikinsa zuwa madatsar Tiga, ga kuma tsaunukan Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Dutse da Birnin Kudu na Jigawa suna da manyan duwatsu da fako mai riƙe taya. Arewacin Jigawa kuwa rairayi ne, keke na nutsewa har sai mahayi ya sauka ya tura, ga tsidau da ke aika mutum wajen mai faci.

Ruwa

Babu abin da ke kashe turba kamar ruwa, kuma a nan ne ake gane wanda ya san aikin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a miƙe hanya daga kan tudu zuwa ƙasa saboda ta fi kusa. Ranar da aka gama za ta yi kyau. Amma ruwan watan Agusta shi ma hanya mafi kusa yake nema, sai ya bi sawun taya ya mai da shi magudana. Damina biyu ko uku sun isa turbar ta koma kwazazzabo, saiwoyi su fito fili, mutane su kauce su buɗe wata a gefenta, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Duk wanda ya taso a ƙauye ya ga irin wannan, kuma abin takaici ne, domin ƙasar da ta tafi ba ta dawowa.

Ƙa'idojin da IMBA ta yaɗa duk a kan wannan suke. Turba ta riƙa bin kwiɓin tudu tana zagayawa. Gangarenta kada ya wuce rabin gangaren tudun da take kai: idan tudun na sauka mita 20 a cikin mita 100, ita ta tsaya a mita 10 ko ƙasa da haka. A jimilla ma ana son hawanta ya tsaya kusa da kashi 10 cikin 100. Sannan a ɗan karkata doronta zuwa ɓangaren gangare da kamar kashi 5 cikin 100, don ruwa ya tsallaka ya wuce. Lokaci-lokaci kuma a bar ta ta ɗan sauka ta sake hawa, ta yadda ruwan da ya biyo ta zai sami mafita kafin ya yi ƙarfi. Gwajin ba shi da wuya. A tuttule buta ɗaya ta ruwa a tsakiyar turba a tsaya a gani. In ya gangara gefe ya shiga ciyawa, aiki ya yi. In ya miƙe ya bi hanya, sai a sake ɗaukar fartanya. Manomin da ya saba yin kunya a gicciye a gonar gangare ya riga ya san wannan ilimin, ko da bai taɓa jin lissafinsa ba.

Inda turba ta gamu da ƙorama, ana neman wuri mai dutse ko tsakuwa a shimfiɗa faffaɗan duwatsu a ƙasa. Fadama kuwa gara a zagaye ta, don laka ba ta da amana.

Gayya

Gayyar hanya a kan sa ta ne bayan an yi shawara da mai unguwa ko dagaci, a yi shela a masallaci ko kasuwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, sa'ad da ƙasa ke da sauran danshi, tana saruwa kuma tana daɓuwa. Da rani jar ƙasa na komawa kamar dutse. Dattawan da suka san dajin ke shiga gaba su nuna inda ruwa ke kwanciya, masu adda da gatari su bi suna sare sabara da geza da farar ƙaya, masu diga da shebur su biyo baya, yara na kwashe ƙaya da duwatsu a baro. Kututture tono shi ake yi, don wanda aka sare a sama zai tofo, ko ya kama fedar keke ya kayar da mutum. Ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya ba a taɓa su, hanya ce ke kauce musu. Ladan 'yan gayya fura ce da tuwo da goro, wani lokaci da makaɗi yana zuga samari. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.

'Yan sa-kai na Amurka suna da nasu kayan, irin su Pulaski, mai gatari a baki ɗaya da fartanya a ɗaya bakin, da McLeod, mai haɗa manjagara da faffaɗar fartanya. Dukansu daga masu kashe gobarar daji aka aro su, kuma maƙerin ƙauye zai iya ƙera makamancinsu.

Izini da haƙƙin wasu

Gandun daji irin Falgore na gwamnati ne, ba a sare itace ko buɗe hanya a cikinsa sai da izinin hukumar da ke kula da shi, kuma batun tsaro ya sa dole a sanar da jami'ai kafin a shiga. A dajin gari kuwa sai an zauna da masu gonakin da turbar za ta gifta. Haka nan makiyaya: burtali da mashaya nasu ne tun fil azal, ba a toshe su. In turba za ta tsallaka burtali, a gicciye ake tsallakawa, a kuma shimfiɗa wa wurin dutse, domin kofaton garke guda a ranar ruwa kan dagula aikin da aka yi mako ana yi.