Motocin binciken duniyar Mars

Motar binciken Mars na'ura ce mai tayoyi shida da ake harbawa daga nan doron ƙasa domin ta yi yawo a duniyar Mars ba tare da direba a ciki ba. Tana ɗaukar hotuna, tana huda duwatsu, tana auna iska da ƙasa, sannan ta aiko da sakamakon ta hanyar taurarin ɗan'adam da ke kewaya Mars. Tarayyar Sobiyet ce ta fara irin wannan aiki, amma a kan wata, da Lunokhod 1 a 1970.

Ta farko da ta yi tafiya a Mars ita ce Sojourner ta hukumar NASA ta Amurka, wadda ta sauka ran 4 ga Yuli, 1997. 'Yar ƙarama ce, kuma duk yawonta bai wuce kimanin mita 100 ba. A Janairun 2004 tagwaye suka biyo baya, Spirit da Opportunity, waɗanda aka tsara su yi aikin kwana 90 kacal. Spirit ta kafe cikin yashi a 2009, ta yi shiru a 2010. Opportunity kuwa ta kai 2018, ta ci kilomita 45 da 'yan kai. Ga wanda ya san Legas, wannan ya kusa tsawon gadar Third Mainland sau huɗu, a cikin shekara 14.

Wannan jan ƙafa ba gazawa ba ce. Saƙon rediyo kan ɗauki tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya isa Mars, gwargwadon nisan da ke tsakanin duniyoyin biyu a lokacin. Kafin injiniya ya ga rami a allonsa ya ce a taka birki, aikin gama ya gama. Shi ya sa ma'aikatan cibiyar JPL ta NASA da ke Kalifoniya suke aika umarnin yini guda a dunƙule, motar ta aiwatar da kanta, tana kauce wa duwatsu da taimakon kyamarorinta. Yinin Mars ma ya fi namu da kusan minti 40. Kuma babu makaniki a can: tayoyin wata motar mai suna Curiosity na alminiyom ne, duwatsu masu kaifi sun huhhuda su, dole aka riƙa zaɓar mata hanya mai laushi, wani lokacin ma a tuƙa ta da baya.

Babbar abokiyar gaba ita ce ƙura. Ita ta kashe Opportunity, lokacin da guguwar 2018 ta tare hasken ranar da ke ba ta lantarki har batir ya mutu. Zhurong ta ƙasar Sin, wadda ta sauka a Mayun 2021, ta shiga barcin hunturu a 2022, ba ta sake farkawa ba. Curiosity, mai nauyin kilo 899, ba ta dogara da rana: tana samun lantarki daga zafin sinadarin fulutoniyom. Ta sauka a kwarin Gale ran 6 ga Agusta, 2012, ta kuma gano cewa a zamanin da akwai tabkin ruwa a wurin, mai yanayin da ƙananan ƙwayoyin halitta za su iya rayuwa a ciki. Wannan shi ne abu mafi nauyi da motocin suka tabbatar, ko da yake yanayin da ya dace da rai daban, rai kansa daban, kuma kanun labarai kan gwamutsa su.

Wata motar kuma, Perseverance, ta sauka a kwarin Jezero ran 18 ga Fabrairu, 2021, wajen ƙarfe goma saura na dare agogon Najeriya, an kuma nuna zaman jiran saukar kai tsaye a intanet, ta yadda mai waya a Agege ko Idi-Araba zai iya bi. Ta zo da ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, wanda ya tashi sau 72 kafin farfelarsa ta lalace a Janairun 2024. Wata na'ura a cikin Perseverance mai suna MOXIE ta samar da iskar oksijin daga iskar Mars. Babban aikin motar dai shi ne tara gutsattsarin duwatsu a cikin bututai da aka liƙe, da fatan wani kumbo zai je ya kwaso su zuwa ɗakunan gwaji na duniya.