Plum Village: Cibiyar Halwar Mabiya Buddha a Faransa

Plum Village gidan 'yan zuhudu ne kuma cibiyar halwa ta mabiya addinin Buddha a kudu maso yammacin Faransa, kimanin kilomita 85 gabas da birnin Bordeaux. Faransawa na kiran wurin Village des Pruniers, 'yan Biyetnam kuma Lang Mai. Malamin Buddha ɗan Biyetnam, Thich Nhat Hanh, shi ya kafa shi a 1982 tare da ɗalibarsa Cao Ngoc Phuong, wadda daga baya aka fi sani da Chan Khong. A yau yana cikin manyan gidajen 'yan zuhudun Buddha a Turai, da maza da mata wajen 200 da ke zaune dindindin, ban da dubban baƙi da ke zuwa kowace shekara.

Asali

Yaƙi ne ya haifi wurin. An haifi Thich Nhat Hanh a 1926 a tsakiyar Biyetnam, ya shiga zuhudu yana ɗan shekara 16 a gidan ibada na Tu Hieu da ke Hue. Da yaƙin Biyetnam ya yi ƙamari, 'yan zuhudu suka shiga tsaka mai wuya: su ci gaba da zama a ɗakin ibada, ko su fita su taimaki ƙauyukan da bamabamai suka rusa? Shi ya ce a yi duka biyun. Ya kafa makarantar horar da matasa aikin sa-kai, suka riƙa gina makarantu da ɗakunan shan magani a karkara, ba tare da sun goyi bayan Biyetnam ta Kudu ko ta Arewa, ɓangarorin da ke yaƙin, ba. Wannan tsayuwa a tsakiya ta jawo musu baƙin jini ta kowane ɓangare, har aka kashe wasu daga cikinsu.

A 1966 ya tafi Amurka yin kira a tsagaita wuta. Can ya gana da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, wanda a 1967 ya ba da sunansa don lambar Nobel ta zaman lafiya. Tafiyar da aka shirya ta 'yan watanni sai ta zama gudun hijira na shekara 39, don gwamnatin Kudu ta hana shi komawa, gwamnatin kwaminisanci da ta gaje ta ma ba ta buɗe masa ƙofa ba sai 2005.

Shi da mutanensa sun fara zama ne a wani ɗan gidan gona a Fontvannes, kudu maso gabashin Paris, wanda suka raɗa wa suna Dankali, wato abincin talakan Biyetnam. Da masu zuwa suka yi wa gidan yawa, sai suka gangara kudu neman fili. Abin da suka samu a 1982 tsofaffin gonaki ne guda biyu, ɗaya a Loubès-Bernac ɗaya a Thénac, da gine-ginen dutse da rumbuna da garken dabbobi waɗanda aka share aka mayar ɗakunan kwana da na ibada.

Sunan

Da farko sunan wurin Lang Hong ne, da sunan wata bishiya ta Asiya wadda 'yar'uwar kanya ce. Amma yankin ƙasar noman wani ɗan itace ne da ake kira plum da Turanci, mai duhun fata, kama da ɗinya a ido ko da yake ba danginta ba ne, wanda ake busarwa a sayar da sunan garin Agen. Sai suka dasa bishiyoyinsa guda 1,250, daidai da adadin almajiran Buddha na farko kamar yadda littattafansu suka kawo. Kuɗin 'ya'yan an yi niyyar tura su ga yara masu fama da yunwa a Biyetnam. Bishiyoyin ne suka ci sunan, na farkon ya ɓace.

Manufa

A shekarun farko wurin ya fi kama da masaukin 'yan gudun hijira. Iyalan Biyetnam da suka tsere ta teku cikin ƙananan jiragen ruwa kan zo su huta, su ji harshensu, 'ya'yansu su koyi al'adar gida. Taron bazara na farko a 1983 ya tara mutum 117. Sannu a hankali Turawa da Amurkawa suka fara cika wurin, kuma daga 1988, shekarar da aka aske wa Chan Khong kai ta zama 'yar zuhudu, aka soma samun 'yan zuhudu masu zama na dindindin.

Abin da ake koyarwa shi ne halarto da zuciya: mutum ya san yana numfashi sa'ad da yake numfashi, ya san yana tafiya sa'ad da yake tafiya. Nan ne wurin ya sha bamban da cibiyoyin da ake zama kwana goma ba magana. A Plum Village zaman tunani na asuba ɗan kaɗan ne cikin yini. Wanke kwanoni, yankan albasa, sharar tsakar gida, duk ibada ce a wurinsu in an yi su da nutsuwa. Kalmar halwa ma ba ta zauna daram ba, don mai halwa kaɗaicewa yake yi, su kuwa a cikin jama'a suke yin tasu, har da yara na guje-guje a lokacin bazara.

Alamar da baƙo zai fara lura da ita ƙararrawa ce. Da an buga ta, ko agogon ɗakin cin abinci ya kaɗa, kowa sai ya tsaya cak. Mai magana ya yanke zancensa a tsakiya, mai ɗauke da cokali ya dakata, a ja numfashi sau uku, sannan a ci gaba. Ana fara cin abinci cikin shiru, babu nama a ciki, kuma tun 2007 aka bar madara da ƙwai. Daga dare zuwa bayan karin kumallo ba a hira. A kowane mako akwai ranar da suke kira ranar lalaci, ba jadawali ba aiki. Akwai kuma zaman sulhu, inda mai ƙorafi sai ya fara faɗin alherin abokin faɗansa da nasa kuskuren kafin ya ambaci abin da aka yi masa.

Baƙo ba sai ya bar addininsa ba. Malamin, wanda ɗalibai ke kira Thay, ya sha gaya wa masu zuwa su koma ga tushensu. Daga 2001 an riƙa gayyatar Falasɗinawa da Isra'ilawa su zauna tare, kowane ɓangare ya saurari ɗaya ba katsewa. Wasu masu bin tsohuwar hanya na ganin an sauƙaƙa koyarwar Buddha fiye da kima don ta yi wa Turawa daɗi. Sukar na da ƙamshin gaskiya ta fuskar baƙon mako guda, amma 'yan zuhudun na bin dokoki ɗaruruwa, kuma duk shekara suna yin halwar kwana 90 ba fita.

Rassa da shekarun baya-bayan nan

Cibiyar ta kasu unguwa-unguwa: ta Sama a Thénac ta 'yan zuhudu maza, ta Ƙasa a Loubès-Bernac da Sabuwa a Dieulivol na mata. Tana da rassa a Kaliforniya, New York da Mississippi a Amurka, da Waldbröl a Jamus, da Tailan. Reshen da ya tsiro a Bat Nha cikin Biyetnam bai yi tsawon rai ba, don a 2009 aka kori ɗaruruwan 'yan zuhudunsa da ƙarfi.

A Nuwamba 2014 Thich Nhat Hanh ya samu shanyewar ɓarin jiki, kusan bai ƙara iya magana ba. Ya koma Tu Hieu a 2018, ya rasu a can ranar 22 ga Janairu, 2022, yana da shekara 95. Bai naɗa magaji ba. Majalisar manyan 'yan zuhudu ce ke tafiyar da cibiyar, kuma da shawarar jama'a ake yanke hukunci.