Tsoffin hotunan titunan birni

Tsoffin hotunan titunan birni hotuna ne da aka ɗauka a shekarun baya, waɗanda ke nuna hanyoyi da ababen hawa da jama'a suna harkokinsu na yau da kullum. Masana tarihi da masu tsara birane na ɗaukar su a matsayin shaida, domin sukan riƙe abin da marubutan zamaninsu ba su ga dalilin rubutawa ba, kamar faɗin titi, irin tufafin masu wucewa da rubutun da ke jikin allunan shaguna.

Ɗaya daga cikin na farko shi ne wanda Louis Daguerre, Bafaranshe cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauka a 1838 na titin Boulevard du Temple a birnin Paris. Titi ne mai cunkoso, amma a hoton sai ya fito fayau kamar ba kowa. A lokacin sai an bar idon kyamara a buɗe na tsawon mintoci, saboda haka kekunan doki da masu tafiya duk suka ɓace, don ba su tsaya wuri guda ba. Wanda ya fito sosai shi ne wani mutum a kusurwa da ya ɗora ƙafa ana goge masa takalmi. Tsayuwar nan ce ta sa ake lissafa shi cikin mutanen farko da hoto ya kama.

Da kayan aiki suka yi sauƙi sai motsi ya fara kamuwa. George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a 1888, aka sayar da kyamarar Brownie kan dala ɗaya a 1900, sannan Leica mai shiga aljihun riga ta zo kasuwa a 1925. Wannan ya zo daidai da yaɗuwar mota, musamman bayan Ford Model T ta 1908, shi ya sa a hotunan wancan zamani ake ganin doki da taragu (ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titin birni) da mota suna rabon titi ɗaya. Fim mai launi na Kodachrome ya biyo baya a 1935.

Eugène Atget ya shafe kusan shekara 30 yana ɗaukar lungunan Paris har rasuwarsa a 1927, Berenice Abbott kuma ta adana ayyukansa kafin ta ɗauki New York a shekarun 1930. Sai dai mafi yawan waɗannan hotuna ba su da sanannen mai ɗauka. Daga akwatunan iyali da katunan gaisuwa da ma'ajiyar jaridu suke fitowa, kuma a nan ne dukiyar take. Wani ya tsayar da ɗansa gaban sabuwar mota don tunawa, bai san ya haɗa da farashin mai a allon da ke bayansu ba.

Irin waɗannan ƙananan abubuwa ake bi wajen gano shekarar hoto. Mota mafi sabunta a cikinsa ita ke nuna cewa ba a ɗauke shi kafin shekarar ƙera ta ba. Tsohuwar mota kuwa ba ta tabbatar da komai, tunda takan daɗe a hanya. Ana duba lambar mota, layin taragu, fitilun titi da ginin da aka san ranar rushe shi. Hannun tuƙi ma hujja ne: ƙasar Suwidin ta koma bin hannun dama na titi ranar 3 ga Satumba, 1967. Amma a nan sai an yi hattara, domin ana iya juya fim wajen wanki, dama ta koma hagu. Rubutun alluna ne ke tona wannan, don zai fito a birkice.

Adana su aiki ne mai wuya. Tsohon fim da aka yi da sinadarin naitaret na kama wuta cikin sauƙi, na sinadarin asitet kuma idan ya fara ruɓewa yakan yi warin tsami, launuka na koɗewa da zafi da laima. Shi ya sa ake kwafe su a kwamfuta. Yanzu kuma an shiga yayin shafa wa baƙi-da-fari launi da manhaja. Abin na da kyan gani, amma launin kintace ne kawai, kuma bai dace a yaɗa irin wannan hoto ba tare da an bayyana cewa an taɓa shi ba.