Waiwaye: Yadda Baje Kolin Ƙananan Jiragen Ƙasa Ya Kafu a Garuruwan Birtaniya

Da asubahin ranar Asabar 18 ga watan Mayu na 2019, wasu samari huɗu suka kutsa cikin wata makarantar sakandare a garin Stamford da ke gundumar Lincolnshire a Ingila, suka tarar da zauren taro cike da ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, da tashoshinsu da gadojinsu da ƙauyukansu, waɗanda 'yan ƙungiyar masu wannan sha'awa ta garin Market Deeping suka yini suna jerawa domin baje kolinsu na shekara. Kafin 'yan sanda su iso, samarin sun farfasa kusan duk abin da ke zauren, har da aikin da wasu dattawa suka shafe shekaru da dama suna yi da hannunsu. Dole aka soke taron. Ƙungiyar ta buɗe asusun neman taimako a intanet tana fatan samun fam 500, sai ga shi cikin 'yan kwanaki an tara mata fiye da fam 100,000, ciki har da fam 10,000 daga mawaƙin nan Rod Stewart, wanda shi ma ya daɗe da wannan sha'awa. Mai kallo daga nesa zai yi mamakin yadda ɓarnar da aka yi wa abin da yake gani kamar kayan wasan yara ta taɓa zuciyar jama'a haka, kuma ba za a gane dalilin ba sai an koma baya fiye da shekara ɗari.

Asalin abin kayan wasa ne, kuma daga Jamus ya fito da ƙarfinsa. A 1891 kamfanin Märklin ya kai kasuwar baje koli ta Leipzig jiragen gwangwani masu tafiya a kan layin dogo da ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa, ya kuma ƙayyade faɗin layin a kan ma'auni sananne, ta yadda wanda ya sayi kan jirgi bana zai iya sayen tarago baɗi ya haɗa su ba tare da matsala ba. Wannan daidaiton ma'auni shi ne ya mayar da abin wasa na rana ɗaya ya zama abin da ake ginawa a hankali tsawon rayuwa. A Ingila, wani ɗan kasuwa na Northampton mai suna Bassett-Lowke ya fara sayar da irin waɗannan kaya tun ƙarshen ƙarni na 19, yana sa kamfanonin Jamus irin su Bing na Nuremberg su ƙera masa jirage masu kama da na kamfanonin Birtaniya. Sai dai kayansa na masu hali ne, domin tsadarsu da girmansu sun fi ƙarfin gidan talaka.

A cikin wannan yanayi aka kafa ƙungiyar da ake kira The Model Railway Club a Landan a 1910, wadda ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa a irinta, kuma tana nan har yau a gininta mai suna Keen House kusa da tashar King's Cross. Ba ta daɗe da kafuwa ba ta fara nuna ayyukan membobinta ga jama'a, kuma daga shekarun 1930 baje kolinta na lokacin hutun Ista a babban zauren Central Hall da ke Westminster ya zama taron da iyaye ke kai 'ya'yansu kowace shekara. Manchester ta kafa tata ƙungiyar a 1925, sauran garuruwa suka bi sahu, kowace ƙungiya tana kwaikwayon tsarin Landan gwargwadon ƙarfinta: a kama zaure, a jera ayyukan membobi, a karɓi kuɗin shiga a bakin ƙofa.

Abin da ya kai sha'awar gidajen talakawa shi ne ƙanƙancewar jiragen da saukar farashinsu. Frank Hornby na Liverpool, wanda ya ƙirƙiro kayan harhaɗawa na Meccano, ya fitar da jiragensa da ake murɗa wa mabuɗi kamar agogo a 1920, a 1938 kuma kamfaninsa ya kawo Hornby Dublo, mai kusan rabin girman na farko, wanda ake iya shimfiɗa shi a kan teburin cin abinci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Tri-ang ya shigo da jiragen roba masu arha da yake ƙerawa a Margate, ya ci kasuwa har ya haɗiye kamfanin Meccano a 1964. Yaran da aka saya wa waɗannan jirage a matsayin kyautar Kirsimeti a shekarun 1950 da 1960 su ne dattawan da ke riƙe da mafi yawan ƙungiyoyin a yau, kuma wannan batu zai sake tasowa a gaba.

Maganar ma'auni tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, domin ita ce ke raba kan masu wannan sha'awa fiye da komai, kuma ita ake rubutawa a gaban kowace shimfiɗa, wato layin dogo da tashoshi da ƙauyuka na kwaikwayo da aka gina a kan katako, a wurin baje koli. Faɗin layin dogo na gaske a Birtaniya milimita 1,435 ne, irin na sabon layin Abuja zuwa Kaduna, saɓanin tsohon layin Legas zuwa Kano mai faɗin milimita 1,067. A yawancin ƙasashen duniya ana rage jirgi sau 87, a ɗora shi a kan layi mai faɗin milimita 16.5, wato ma'aunin da ake kira HO, kuma lissafin yana fita daidai. Amma jiragen Birtaniya na gaske sun fi na sauran ƙasashen Turai da na Amurka ƙanƙanta a jiki, don haka a shekarun farko injin lantarkin da ake da shi bai shiga cikin ƙaramin jirgin idan aka rage shi haka. Sai masu ƙira suka ƙara girman jikin, suka rage shi sau 76 kawai, suka bar layin a faɗinsa na 16.5. Wannan shi ne ma'aunin OO, wanda har gobe ya fi kowane yawa a ƙasar, duk da cewa kowa ya san layinsa ya matse fiye da yadda ya kamata. Waɗanda abin ya dama suka ɓalle suka koma ƙera layinsu da hannu, wasu a faɗin milimita 18.2, wasu kuma suka ce ba za su yarda da komai ba sai 18.83, wanda shi ne lissafin gaskiya. Mutum zai iya yi wa gardamar da ake yi a kan abin da bai kai milimita ɗaya ba dariya, amma a ganina ita ce ta ɗaga darajar aikin daga wasa zuwa sana'ar hannu ta ƙwararru, domin wanda ya damu da faɗin layi zai damu da launin bulon tasha da irin ciyawar da ke gefen hanya.

Daga nan ne manufar baje kolin ta sauya. A da, abin kallo shi ne jirgi yana zagaye da gudu. Mutane irin su John Ahern, wanda ya gina shimfiɗar Madder Valley, da Roye England, ɗan Ostareliya da ya kafa gidan tarihi na Pendon a 1954 domin adana kamannin karkarar Ingila ta shekarun 1930, sun nuna cewa jirgin wani ɓangare ne kawai na ƙasar da yake ratsawa. Sa'an nan tarihin jirgin ƙasa na gaske ya ƙara wa abin nauyi. Rahoton da Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya a lokacin, ya fitar a 1963 ya jawo rufe dubban mil na ƙananan layuka da tashoshi fiye da dubu biyu, a watan Agusta na 1968 kuma hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina amfani da injin tururi a manyan layukanta. Garuruwa da yawa suka wayi gari ba su da tasha. Ƙungiyoyin garuruwan suka shiga auna gine-ginen da suka rage, suna tattara tsofaffin hotuna da jadawalin tafiyar jirage, suna sake gina tashar garinsu a kan katako. Saboda haka idan tsohuwa ta tsaya a gaban shimfiɗa a zauren makaranta ta nuna wa jikanta dandamalin da ta riƙa jiran jirgi tana yarinya, tarihin garinsu take nuna masa, kuma sau da yawa babu wani wurin da ya rage da za a ga wannan tasha da ido.

Tsarin baje kolin ƙaramar ƙungiya bai sauya sosai ba tun wancan lokaci. Ana hayar zauren makaranta ko na coci ko na wasanni na kwana ɗaya ko biyu a ƙarshen mako. Ana gayyatar shimfiɗu daga wasu ƙungiyoyi, wani lokaci tun shekara guda ko biyu kafin ranar, kuma ba a biyan masu su lada, sai kuɗin mai da hayar mota da masauki. Ana gina kowace shimfiɗa a kan alluna da ake rabawa a loda a mota, a sake haɗa su a daidaita layi da wayoyin lantarki a daren jajibiri, wanda shi ya sa kayan Market Deeping suka kwana a zaure babu mai tsaro a kansu. 'Yan kasuwa suna biyan kuɗin tebur su sayar da sababbin kaya da na hannu, iyalan membobi suna sayar da shayi da kek, kuma ribar da ta rage ita ce ke biyan hayar ɗakin da ƙungiyar ke haɗuwa a ciki duk shekara. Ɗaukar alluna, jan waya, tsaron ƙofa da share zaure duk aikin sa kai ne.

Fasaha ta shigo, kamar yadda ta shiga ko'ina. Tun shekarun 1990 tsarin sarrafawa na dijital ya ba da damar tafiyar da jirage da yawa a kan layi ɗaya, kowanne da umarninsa, har da ƙarar inji da fitilu. Ƙira ta koma China, kayan suka ƙara kyau ƙwarai, farashinsu ma ya hau har ya fi ƙarfin kuɗin kashewar yaro.

Wasu ƙungiyoyi sun girma sun wuce zauren makaranta. Ta Warley, da ke yankin Birmingham, ta kai baje kolinta babbar cibiyar nune-nune ta ƙasa, NEC, a 1993, kuma tsawon shekara talatin taronta na watan Nuwamba shi ne mafi girma a ƙasar, alhali masu shirya shi 'yan sa kai ne na ƙungiya guda. Annobar korona ta dakatar da taruka a 2020, kodayake zaman gida ya sa cinikin kayan ya ƙaru. A watan Janairu na 2024 ƙungiyar Warley ta sanar cewa ta daina shirya taron NEC, kuma cikin dalilan da ta bayar akwai hauhawar kuɗin shiryawa da tsufan membobin da ke ɗauke da nauyin aikin. A cikin watan nan ne kuma shagon Hattons, wanda aka kafa a Liverpool a 1946 kuma yake cikin manyan masu sayar da kayan a ƙasar, ya sanar cewa zai rufe. Jaridu suka yi ta tambaya ko sha'awar ta kama hanyar mutuwa.

Idan aka ajiye labarin Market Deeping kusa da na Warley, za a ga cewa ba masu kallo ne suka yi ƙaranci ba, ba kuma ƙaunar jama'a ba. Gidan nunin Miniatur Wunderland da aka buɗe a Hamburg a 2001 yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a Jamus, gidan talabijin na Channel 5 ya fara gasar gina shimfiɗu a 2018, kuma shimfiɗun da mai shirya waƙoƙi Pete Waterman da abokansa suka riƙa kafawa a cikin babban cocin Chester tun 2021 sun jawo jama'a masu yawa. Abin da ke ƙaranci shi ne mutumin da zai ɗauki allo mai nauyi ya hau da shi matakala da daren Juma'a, ya tsaya kwana biyu a bayan shimfiɗa yana amsa tambayoyin yara, ya kwance komai da yammacin Lahadi. Kuɗin da aka tara wa Market Deeping ya isa sayen sababbin jirage, amma bai iya mayar wa dattijo ɗan shekara saba'in shekarun da ya zuba a aikin da aka tattake ba, kuma wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa sun faɗi haka a lokacin.

Ƙungiyar Market Deeping ta ce za ta yi amfani da wani kaso na kuɗin wajen jawo matasa cikin harkar, ta kuma ci gaba da shirya baje kolinta a Stamford. Babban taron Nuwamba a NEC ya koma hannun kamfanin buga mujallu na Warners, wanda dama shi ke haɗa gwiwa da tsohuwar ƙungiyar Landan wajen shirya baje kolin da ake yi a zauren Alexandra Palace na Landan. Ita kuwa ƙungiyar Warley, a kakar 2024 ta koma shirya taro mafi ƙanƙanta a Statfold kusa da Tamworth, wurin da ake adana tsofaffin jiragen tururi na gaske masu bin matsattsen layi.