Zaɓi tsakanin motar tudu da ruwa da motar daji ta UTV

A arewacin Kanada, da Alaska, da tsaunukan Sikotilan, akwai mutanen da aikinsu ke farawa daga inda hanyar mota ta ƙare: mafarauta, masu binciken ma'adinai, masu gyaran turakun lantarki, ma'aikatan gandun daji da masu aikin ceto. Ƙananan motoci iri biyu ne suka fi dogara da su. Ta farko ita ce motar tudu da ruwa, mai taya 6 ko 8, wadda jikinta a rufe yake ruf ta ƙasa, har takan yi iyo idan ta faɗa tafki. Ta biyu ita ce wadda ake kira UTV, mai taya 4, da sitiyari, da kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa, da ɗan bodi a baya na zuba kaya. Mai niyyar saye yakan ɗauka kishiyoyin juna ne, alhali aikinsu ya sha bamban. Abin da ke raba gardama shi ne wuri mafi muni a hanyar da motar za ta riƙa bi, da kuma yawan lokutan da za ta bi shi.

Asali

Motar tudu da ruwa ce ta riga zuwa. An fara ƙera irinta a Kanada a farkon shekarun 1960, kuma kafin ƙarshen shekarun nan kamfanoni da dama a Kanada da Amurka sun shiga harkar. Yawancinsu sun rufe bayan da baburan daji masu taya uku suka cika kasuwa da araha. Wanda ya fi daɗewa shi ne Ontario Drive & Gear da ke lardin Ontariyo na Kanada, wanda ya fara fitar da Argo a 1967, har sunan ya zama kamar shi ne sunan duk wata mota mai wannan siffa. Akwai kuma Max, wadda aka daɗe ana ƙerawa a Buffalo ta jihar New York, da Sherp ta ƙasar Yukiren mai manyan tayoyi da tsayinsu ya kai mita 1.6, sai dai tsadar wannan ta fitar da ita daga lissafin yawancin masu saye.

UTV kuwa daga gona ta fito. Kawasaki ta fitar da Mule a 1988, John Deere ta biyo da Gator a 1992, sannan Polaris da Ranger a ƙarshen shekarun 1990. Yamaha Rhino ta 2004 ce ta mayar da ita abin yawo da farauta, ba na ɗibar ciyawa kaɗai ba. A yau Polaris, Can-Am, Honda, Kawasaki, Yamaha da Kubota duk suna cikin kasuwar, kuma yawan UTV da ake sayarwa ya ninka na motocin ruwa nesa ba kusa ba. Wannan yana da tasiri kan samun kayan gyara da bakanike.

Yadda aka ƙera su

Jikin Argo na roba ne mai kauri, sama da ƙasa, an haɗa su sun zama kamar kwale-kwale. Injin yana gaba, ƙarami ne, ƙarfinsa daga doki 18 zuwa kusan 40 gwargwadon samfuri. Daga injin, bel ne ke kai ƙarfi ga giya, daga giya kuma sarƙoƙi ne ke juya kowace taya, duk a cikin cikin motar ƙarƙashin daɓen da ake taka ƙafa. Tayoyin ba sa karkata hagu ko dama. Idan direba zai yi kwana, tayoyin gefe ɗaya ne ake rage wa gudu ko a taka musu birki, na ɗaya gefen su ci gaba, sai motar ta murɗa kamar tankin yaƙi. Za ta iya juyowa kusan a inda take tsaye. Yawancin samfuranta ba su da sifirin ko kaɗan: tayoyin ne, da ake sa wa iska 'yar kaɗan wadda ba ta wuce psi 7 ba a ma'aunin iskar taya, suke shanye gargada.

UTV kuwa kamar mota ce ta gaske, sai dai ƙarama. Kowace ƙafa da sifirin ɗinta, tana da sitiyari, birki da totur na ƙafa, bel na ɗaure jiki, da kejin ƙarfe mai kare mutane idan ta kife. Polaris Ranger XP 1000, wadda ake yawan kafa misali da ita, ƙarfinta doki 82 ne, bodinta na ɗaukar kilo 454, tana jan tirela mai nauyin kilo 1,134, kuma tazarar cikinta da ƙasa wajen santimita 33 ce. Ta Argo ba ta cika wuce santimita 25 ba, sai dai cikin Argo sumul yake, babu abin da zai sarƙe da kututture.

Ruwa da fadama

Nan ne kaɗai motar tudu da ruwa ta yi wa UTV fintinkau, amma fa ta yi mata da gaske. Ƙasar da ake kira muskeg a Kanada da Alaska fadama ce da gansakuka ya rufe samanta; ido zai ga kamar ciyawa ce a kan tudu, a ƙasa kuwa ruɓaɓɓen ganye ne da ruwa, wani wurin zurfinsa ya fi tsayin mutum. UTV mai nauyi a kan taya huɗu takan huda saman nan ta nutse har ciki. Argo tana raba nauyinta kan taya takwas masu faɗi da laushi, idan kuma aka ɗaura mata sarƙar roba mai faɗi irin ta tankin yaƙi a kan tayoyin, nauyin da take dannawa a ƙasa bai kai na tafin ƙafar mutum ba. In ta huda ma, iyakarta ta zauna a kan cikinta, ba za ta nutse ba. Shi ya sa mafarautan mus, ƙaton dabbar nan dangin barewa da namijinta kan haura kilo 500, suke riƙe da ita, haka ma masu fito da barewar da aka harbe daga tsaunukan Sikotilan masu laima.

Sai dai iyon nata yana da iyaka, kuma nan ne sababbin masu ita suke ruɗuwa. Zanen tayoyin ne ke tura ruwa, gudun kuwa bai wuce kilomita 5 a awa ba, tafiyar mutum a ƙasa ke nan. Ruwa mai gudu zai tafi da ita, iska mai ƙarfi za ta karkatar da ita, igiyar ruwa kuma tana iya shiga ta sama domin bakin jikinta ba shi da nisa da ruwa. An yi ta ne don tsallake kududdufi, tafki mai kwanciyar ruwa, ko rafi marar ƙarfi. Ana iya maƙala mata injin kwale-kwale har mai ƙarfin doki 9.9 a baya, wanda yake zama kusan dole idan da sarƙar roba a tayoyin, tun da sarƙar tana rage turin ruwa ƙwarai. Kayan da take ɗauka ma suna raguwa: mai taya 8 tana ɗaukar mutum 6 a tudu amma 4 a ruwa, mai taya 6 kuma 4 a tudu, 2 a ruwa. Duk abin da aka ƙara mata, ko rufi ne, ko keji, ko injin jan igiya, daga wannan lissafi ake cire nauyinsa.

Kafin a shiga ruwa ana duba matosan ramukan zubar da ruwa da ke bayan motar a tabbatar an ɗaure su, domin mantuwa da su na cikin abubuwan da suka fi nutsar da waɗannan motoci. Ana gwada famfon kwashe ruwa, a mayar da kaya masu nauyi baya da ƙasa saboda injin ya riga ya rinjayar da gaba, kowa ya sa rigar ceto, a kwance bel ɗin kujera idan akwai. Ana shiga a hankali ta wurin da gaɓa ta kwanta, motar tana fuskantar ruwan kai tsaye. Wanda ya afka da gudu ko ta gaɓa mai tsayi, hancin motar zai nutse ruwa ya kwararo kan injin. Fita ta fi shiga wuya. Sai tayoyin gaba na hagu da dama sun kama ƙasa tare, in ba haka ba motar ta karkace. A kan ƙanƙarar tafki ma haka ne: idan ta fashe motar za ta yi iyo, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma da wuya ta hau bakin ƙanƙarar da kanta ba tare da igiya ba.

Ga UTV kuwa, littattafan masu ƙera ta yawanci sun taƙaita zurfin ruwa ga daɓen ƙafa. Idan aka wuce nan, ruwa zai fara shiga gidan bel, bel ya jiƙe ya riƙa sulɓi, injin na kuka mota ba ta motsi. Mafi muni shi ne ruwa ya bi ta mashigar iska ya cika silinda. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka fistin yana bugunsa sandarsa ta lanƙwashe. Wanda motarsa ta mutu a ruwa kada ya sake tayar da ita; a ja ta waje, a kwance fulogi, a fitar da ruwan, a canza baƙin mai har sai ya daina fitowa fari-fari. Wasu suna ɗaga mashigar iska da bututu zuwa saman keji. Wannan yana ƙara zurfin da za ta iya ratsawa, amma ba ya sa ta iyo.

A kan tudu

Da an fito busasshiyar ƙasa lissafi ya juye. Argo tana ƙurewa a wajen kilomita 30 zuwa 40 a awa, kuma a hanya mai duwatsu ba mai iya jure ko rabin haka, domin kowace gargada tana isa ƙugun direba kai tsaye. Manyan UTV suna wuce kilomita 80, suna bin ramuka ba tare da sun jijjiga mutum sosai ba. Tafiyar kilomita 40 a hanyar masu saran katako, wadda UTV za ta gama cikin awa guda, sai ta ci wa Argo fiye da awa biyu. Irin kwanar Argo ma tana da nata lahanin: tana tsige ciyawa, tana cinye taya a kan kwalta, kuma direban da ke dafe da birki koyaushe maimakon ya yi kwana a gajerun murɗa zai ɗumama birkin ya ƙone shi. Wajen aikin gona, jan tirela, kai taki ko ture dusar ƙanƙara daga ƙofar gida, UTV ta fi dacewa. Ana iya rufe ta da ƙofofi da gilashi da na'urar ɗumama ɗaki.

Gudun nan shi ne kuma haɗarinta. UTV tana da tsayi daga ƙasa, ba ta da faɗi sosai, kwana mai kaifi na iya kifar da ita ko a fili. A 2009 Yamaha, tare da hukumar kula da amincin kayayyaki ta Amurka, ta sanar da gyaran Rhino kyauta bayan haɗurran kifewa, inda aka ƙara faɗin ƙafafun baya. Raunuka masu tsanani sukan samu wanda bai ɗaura bel ba, ko wanda ya miƙa hannu ko ƙafa waje lokacin da motar ke faɗuwa. Argo ba ta cika kifewa ba saboda gajarta da rashin gudu, amma yawancinsu ba sa zuwa da keji.

Gyara da kashe kuɗi

Argo tana son hannu. Sarƙoƙinta suna buƙatar mai kusan duk bayan awa 10 na aiki, boris ɗin kowace ƙafa yana buƙatar giris a kai a kai, musamman bayan shiga ruwa, domin robar da ke tare ruwa a bakin aksul ita ce katangar da ke tsakanin tafki da cikin motar. Idan boris ya fara wasa, robar za ta lalace, ruwa ya riƙa tsattsafowa. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: tun da sarƙa ce ta haɗa tayoyin gefe guda, dole kewayensu ya zo kusan ɗaya. Taya ɗaya mai iska fiye da saura za ta so ta yi gaba, sarƙa ta ɗaure tam, ta miƙe ko ta tsinke. Masu sa sarƙar roba sukan auna kowace taya da tef kafin su ɗaura. Daɗin abin shi ne gyaran ba shi da sarƙaƙiya. Mai 'yan sifanoni da mahaɗin sarƙa a aljihu zai iya tayar da ita a tsakiyar daji.

Raunin UTV yana ga bel ɗin giya da robobin da ke rufe gaɓoɓin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya taya. Bel yana ƙonewa ne idan aka ja kaya mai nauyi ko aka bi laka a babbar giya maimakon ƙarama, alamarsa kuma warin roba da fizga wajen tashi. Robar shaf in ƙaya ta yaga ta, giris ya fita yashi ya shiga, gaɓar ta fara ƙas-ƙas a kwana. Honda Pioneer da yawancin Kubota RTV ba sa amfani da bel ɗin, shi ya sa masu jan kaya kullum suke duba su. Farashin sabuwar Argo mai taya 8 da na babbar UTV ba su da nisa da juna, amma sarƙar roba da injin jan igiya suna ƙara kuɗi mai yawa.

Yadda ake yanke shawara

Hanyar da ta fi inganci ita ce a bi wurin aikin da ƙafa a lokacin da ya fi jiƙewa, a auna zurfin ruwa da laka da sanda. Idan akwai inda ruwa ya wuce gwiwa, ko fadamar da sanda ba ta taɓa ƙasanta ba, kuma babu hanyar kewayewa, to motar tudu da ruwa ce kaɗai za ta kai. Idan irin wannan wuri sau ɗaya ko biyu ake ratsa shi a shekara, ya fi sauƙi a sayi UTV a shimfiɗa katako a wurin, ko a ɗauki ƙaramin kwale-kwale a tirela. Ana kuma duba faɗin hanya: wasu hanyoyin gandun dajin Amurka an taƙaita su ga abin hawa da bai wuce inci 50 ba, wato santimita 127, kuma Argo mai taya 8 da yawancin manyan UTV duk sun fi haka. Doka kan rajista, hular kwano da hawa titi ta bambanta daga jiha zuwa jiha, wasu wuraren kuma suna ɗaukar motar tudu da ruwa a matsayin jirgi da zarar ta shiga tafki, su nemi kayan kariyar da ake nema a jirgin ruwa.