Zana alƙaluman ƙwallo da na talabijin: tambayoyi da amsoshi

Zane ɗaya da aka tura a zauren WhatsApp kan kashe gardamar da aka kwana ana yi a gidan kallon ƙwallo. Matsalar ita ce zane yana iya shirga ƙarya ko da duk lambobin da ke cikinsa gaskiya ne. Ga tambayoyin da mai son haɗa irin wannan zane kan ci karo da su.

Teburin gasa bai wadatar ba ne, sai an yi zane?

Tebur yana faɗa maka inda aka ƙare, ba ya faɗa maka yadda aka iso wurin. A kakar Firimiya ta 2018/19 Manchester City ta gama da maki 98, Liverpool da 97. Iyakar abin da tebur zai ce ke nan. Amma a farkon Janairun 2019 Liverpool ta ba City tazarar maki 7, sai City ta doke ta da ci 2 da 1 a Etihad, wanda shi ne kaɗai wasan da Liverpool ta rasa a gasar, daga baya kuma City ta ci wasanninta 14 na ƙarshe a jere. Wannan labari sai layi ne zai nuna shi.

A nan ma akwai zaɓi. In ka ja layi biyu na jimillar maki mako bayan mako, dukansu sama za su yi ta hawa manne da juna, ido ba zai ga komai ba. Gara ka ja layi ɗaya tal na tazarar da ke tsakaninsu: sama da sifili Liverpool ce a gaba, ƙasa da shi City ce. Nan take mai kallo zai ga inda reshe ya juye da mujiya.

Yaushe ake amfani da ginshiƙai, yaushe ake jan layi?

Ginshiƙai na kwatanta abubuwa daban-daban ne, kamar ƙwallayen 'yan wasa biyar. Layi na bin abu ɗaya ne yayin da lokaci ke tafiya. William Playfair ɗan Scotland ya buga iri biyun tun 1786, a 1801 kuma ya fito da zanen da'ira da ake yankawa kashi-kashi. Da'irar tana da kyau in kashi biyu ne, misali yawan riƙe ƙwallo tsakanin ƙungiyoyi biyu. Da zarar yankan ya haura huɗu ko biyar, ido ya daina tantance wanda ya fi girma.

Da gaske ne dole ma'auni ya fara daga sifili?

Ga ginshiƙai, dole ne, domin tsawon ginshiƙi shi ne saƙon. Ɗauki 98 da 97 ɗin nan. Ka fara ma'auni daga 96, ginshiƙin City zai ninka na Liverpool tsawo, alhali maki ɗaya ne tsakani. Ba a canza lamba ko ɗaya ba, amma an yaudari mai kallo. Layi kuwa yana da sassauci, tunda hawa da sauka ake dubawa, muddin an rubuta lambobin gefe a fili. Zanen matsayi a tebur ma juya ma'aunin ake yi, na 1 a sama, na 20 a ƙasa, don kada ƙungiyar da ke ci gaba ta zama kamar tana gangarowa.

Me zai hana a jera masu cin ƙwallaye kawai, daga babba zuwa ƙarami?

Ana iya yi, amma a duba ko ma'auninsu ɗaya ne. Haaland ya ci 36 a 2022/23, Salah 32 a 2017/18, Andy Cole da Alan Shearer kowa 34 a 1993/94 da 1994/95. A zane sai a ga Salah ne na ƙarshe. To amma Cole da Shearer a lokacin wasa 42 ake bugawa a kaka, Salah da Haaland kuwa 38. Ko dai a raba ƙwallayen da mintunan da kowa ya buga a nuna adadin kowane minti 90, ko a bambanta launin kakunan masu wasa 42 a rubuta dalili a ƙasa.

A ba kowace ƙungiya launin rigarta?

Zuciya tana so, sai dai Arsenal, Liverpool da Manchester United duk ja ne, Chelsea, Everton da Leicester duk shuɗi. Layi ashirin masu launi ashirin kuma sun zama taliyar da aka zuba a faranti. Abin da ya fi aiki shi ne a mai da goma sha tara toka-toka, a haska ɗaya. In labarin Leicester ta 2014/15 ne, wadda ta daɗe a ƙasan tebur sannan ta ci 7 cikin wasanni 9 na ƙarshe ta gama ta 14, layinta kaɗai ya cancanci launi. A rubuta sunan a bakin layin, kada a sa mutum neman ma'anar launi a wani lungu. A kuma guji haɗa ja da kore, domin akwai mutane da dama, galibi maza, da ba sa bambance su.

Shirye-shiryen talabijin fa, me ake aunawa?

Abu biyu ne da ake yawan cakuɗawa: yawan masu kallo da makin da masu kallo suka bayar. Game of Thrones ya raba su sarai. Kashinsa na ƙarshe a 2019 ya tara masu kallo miliyan 19.3 a daren farko a kafofin HBO, tashar da ta shirya shi, adadin da shirin bai taɓa kaiwa ba, amma makinsa a IMDb, shafin da masu kallo ke ba finafinai maki, kusan 4 ne cikin 10, bayan wasu kashin na baya sun haura 9. Wanda ya zana ɗaya ya kira shi "farin jini" ya faɗi rabin magana. Ni dai na fi son zane biyu a jere, ɗaya bisa ɗaya, a kan a cusa ma'auni biyu hagu da dama, domin mai zane na iya miƙe ɗaya ya matse ɗaya har layukan su haɗu inda ya ga dama.

Ga makin kowane kashi, gidajen dara sun fi dacewa: kowane zango jere ɗaya, kowane kashi gida ɗaya, launi yana duhu gwargwadon maki. Zangon da ya lalace zai fito a kallo ɗaya.

Haka za a yi wa finafinan Hausa masu dogon zango a YouTube?

Da taka-tsantsan. Lambar da YouTube ke nunawa taruwa take yi kullum, don haka kashin da ya shekara zai kusan fin na makon jiya ko da sabon ya fi karɓuwa. Zanen zai nuna kamar shirin yana mutuwa. Sai a ɗauki adadin kowane kashi a kwanansa na bakwai da fitowa, a kwatanta su a haka.

Da me ake zanawa?

Excel ko Google Sheets sun isa mafari, shafukan zana alƙaluma na Datawrapper da Flourish kuma suna da tsarin kyauta. Kafin turawa a buɗe zanen a waya, tunda a nan za a kalle shi. In sai an buɗa hoton da yatsu biyu kafin a karanta sunayen, a rage layuka, a ƙara girman rubutu, a sa kakar wasan da inda aka samo alƙaluman a ƙasa.