Sirrin Majinyaci da Ƙirƙirarriyar Basira: Nauyin da Dokar 2023 Ta Ɗora wa Asibitoci

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai, wato NDPC. Dokar ta sanya bayanin lafiyar mutum cikin rukunin bayanai masu matuƙar muhimmanci, tare da addininsa da ƙabilarsa da bayanan ƙwayoyin halittarsa, domin fallasar irin waɗannan na iya jawo tsangwama ko mutuwar aure ko rasa aiki. Tun kafin ita, sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya riga ya bayyana cewa duk abin da ya shafi ciwon majinyaci da maganinsa da kwanciyarsa a asibiti sirri ne.

Abin da ya sauya shi ne hanyar da sirrin ke fita. A da, sai an buɗe fayil ko wani ya yi suɓul da baka. Yanzu ma'aikaciyar jinya da aiki ya yi wa yawa a aikin dare tana iya buɗe manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT a wayarta, ta rubuta sunan majinyaci da shekarunsa da lambar katinsa da sakamakon gwajin jininsa, ta nemi a tsara mata takardar sallama. Niyyarta mai kyau ce, kuma takardar za ta fito tsaf cikin ɗan lokaci. Amma a idon doka, ta miƙa bayanin ga wani kamfani da babu yarjejeniya tsakaninsa da asibitin, kuma ta aika shi ƙasar waje. Sashe na 29 na Dokar Kare Bayanai yana buƙatar rubutacciyar yarjejeniya da duk wanda zai sarrafa bayanai a madadin asibiti, yayin da sashe na 41 zuwa 43 suka gindaya sharuɗɗan fitar da bayanai daga Najeriya. Asibitin ne zai amsa tambaya a gaban hukuma, kuma cewa ma'aikaciyar ba ta sani ba ba zai wanke shi ba.

A nan ne horar da ma'aikata ya shigo. Dokar ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ɗaukar matakan tsaro na fasaha da na tsarin aiki, kuma umarnin aiwatarwa da hukumar ta fitar a 2025 ya sanya wayar da kan ma'aikata a kai a kai cikin abubuwan da ake sa ran gani. A ganina, horon da ya tsaya a kan likitoci kaɗai bai cika manufar ba, domin ma'aikacin ɗakin kati da na ɗakin gwaji da mai ba da magani da ɗalibin da ke sanin makamar aiki duk suna taɓa bayanin majinyaci, kuma kowannensu yana da waya a aljihu.

Abu mafi wahala da ya kamata a koyar shi ne cewa goge suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. Idan aka rubuta cewa mace ce mai shekara 34, matar mai unguwa, daga ƙauye kaza, mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, duk wanda ya san garin ya gane ta. Haka ma hoton takardar gwaji da aka tura zauren WhatsApp domin neman shawarar abokan aiki, wanda sau da yawa sunan majinyaci ke saman shafinsa.

Haɗari na biyu bai shafi sirri ba. Manhajoji irin su ChatGPT suna iya ba da amsa marar tushe cikin harshe mai gamsarwa, har da adadin magani da bai dace da nauyin yaro ba. Sashe na 37 ya ba mutum 'yancin ƙin a yanke masa hukunci mai babban tasiri da na'ura kaɗai, tare da 'yancin neman ɗan Adam ya duba lamarin. A asibiti, ma'anar wannan ita ce manhajar da ke karanta hoton ƙirji domin gano tarin fuka tana iya nuna inda take zargi, amma hukunci da sa hannu na ma'aikacin lafiya ne.

Sai batun fallasa. Sashe na 40 ya ba asibiti awa 72 daga lokacin da ya samu labari ya sanar da hukuma, idan fallasar na iya cutar da masu bayanan, kuma idan haɗarin babba ne dole a sanar da majinyatan kansu nan take. Ma'aikacin da ke tsoron kora zai ɓoye kuskurensa har ɓarnar ta yaɗu, don haka wajibi ne kowa ya san wanda zai gaya wa, yawanci jami'in kare bayanai da sashe na 32 ya buƙaci manyan cibiyoyi su naɗa, kuma ya tabbata cewa saurin kai rahoto ba zai zame masa laifi ba. Tarar da hukumar ke iya yankewa babbar cibiya tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, kuma majinyacin da aka cutar yana da damar neman diyya a kotu.